Jinyar Akwatin Alhaji Dawuda

A unguwar Hausare ta Garwa ba ma barin mara lafiya ya ji labarin ciwonsa. Ko mutum ya kai inda sai an juya shi, ka shiga dubiya ka ce ya jiki, matarsa za ta ce da sauƙi, ɗansa ya ce da sauƙi, shi ma in da sauran numfashi sai ya tattaro shi ya ce da sauƙi. Kai kuma ka ce Allah ya ƙara afuwa, ka ajiye lemon da ka kawo, ka fito. Ban ce ɗabi'ar ba ta da kyau ba, da ita aka raine ni. Abin da ban taɓa zato ba shi ne wata rana za mu yi wa na'ura ita.

Alhaji Dawuda mai atamfa kowa ya san shi a babbar kasuwa. Kakansa da jakuna ya zo daga Kano, shi kuwa daga Duwala ake sauke masa kaya a babbar mota. Mutum ne mai kyauta, mai son a san ya yi kyautar, mai hawan jini da saurin fushi da saurin hucewa. Mahaifiyarsa, Hajiya Kaltumi, ta daɗe a duniya, kuma cikin shekarunta na ƙarshe jikarta Nasiha, 'yar Alhajin, ta riƙa zama kusa da ita tana ɗaukar muryarta a waya. Ta ɗauki labarin tafiyar kaka, da sunayen dangin da aka baro a Kano, da waƙoƙin daka, da addu'ar da tsohuwar take yi wa jikoki kowa da sunansa. Da Hajiya ta rasu, wayar ta riga ta cika har ba ta karɓar hoto.

Alhaji ya aika aka kira Blaise, mutumin Figil mai shagon gyaran kwamfuta a unguwar Yelwa, wanda ya koyi Hausarsa a kasuwa.

"Wurin ajiya nake so wanda ba ya mutuwa," in ji Alhaji. "Muryar uwata zan sa a ciki."

"Wanda ba ya mutuwa babu, Alhaji," in ji Blaise. "Amma akwai mai rai biyu."

Ya kawo wani baƙin akwati da bai fi girman biredi ba. A cikinsa diski biyu ne, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya rubutu a ɗayan, in ɗaya ya lalace ɗayan ya riƙe har a sauya. A goshinsa akwai 'yar fitila: kore lafiya, rawaya ciwo, ja kuwa Blaise bai fassara ba. Aka kwashe muryar Hajiya aka zuba a ciki, aka buɗe mata ɗaki nata daban, Alhaji ya sa makullin da shi kaɗai ya sani. Sa'an nan ya ce a share wayar Nasiha tas ta samu ta numfasa, tun da ga inda abu ba ya ɓata.

Akwatin ya zauna a ofishin bayan shago, kan teburin Mahfuzu, ɗan wan Alhaji, magidanci mai furfura tsilli-tsilli wanda ke kula da shagon. Alhaji kuwa bai taɓa kunna muryar ba. Yana tsoronta. Duk wanda ya ce a saurara sai ya ce a bari zuciyarsa ta ƙara ƙwari, don ya san ranar da ya ji Inna ta yi magana kuka zai yi a gaban mutane. Abin da ya iya shi ne cika baki. A majalisarsa ta bayan la'asar babu wanda bai ji cewa Alhaji Dawuda ya sayi akwati mai rai biyu ba, wasunmu mun ji har mun haddace.

Sai bazara ta zo da zafin nan namu da ke sa kwalta ta yi laushi, masu wuta kuma suka shiga wasansu na kawowa da ɗaukewa. Wata ranar kasuwa, shago cike da mata masu zaɓen ankon biki, akwatin ya fara kuka, tit, tit, tit, ba hutu, fitilarsa ta koma rawaya. Mahfuzu ya jawo ƙofar ofis ya rufe, ya buga wa Blaise waya.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da Blaise. Lokacin da ya fara buɗe shago, wata Hajiya ta kai masa waya, ya duba ya ce mata, "Ta mutu, jefar." Matar ta fita tana salati, aka daɗe mutanen unguwarmu ba su taka shagonsa ba, sai da wani dattijo ya zaunar da shi ya koya masa magana. Tun daga nan babu wayar da ta sake mutuwa a hannun Blaise. Sai dai ta gaji, ko tana hutawa, ko ta ɗan yi nisa. Mu muka yi masa wannan tarbiyya, kuma muna alfahari da ita.

Ya zo a kan babur, ya haɗa kwamfutarsa, ya karanta abin da akwatin ya ce game da kansa. Ya share gumi.

"Mahfuzu, diski ɗaya ya... ya yi tafiya. Ga shi nan ya rubuta, dégradé, wato ya raunana. Ɗayan ma yana ɗan tari."

"Muryar Inna fa?"

"Tana nan, amma rai ɗaya ya rage. A sayo sabon diski daga Duwala, in sa, mai ran ya kwafa masa komai. Aikin yini ɗaya ne."

Mahfuzu ya yi tagumi. Ba a sayo ko allura daga Duwala sai Alhaji ya sa hannu, kuma Alhaji ba ya sa hannu sai ya tambayi dalili. Ga likita ya ce kada a tayar masa da hankali, ga bakin da ya cika a majalisa. Wa zai tsaya gabansa ya ce rai ɗaya ya fita?

"Bari jininsa ya ɗan sauka, sai in san yadda zan shigar masa da maganar," in ji Mahfuzu. "Kafin nan, wannan mara kunyar ba a iya rufe masa baki?"

Ana iyawa. A cikin saitin akwatin akwai wurin da ake kashe kukan, Blaise ya danna, ofis ya yi tsit. A duk shagon nan akwatin ne kaɗai bai samu tarbiyya ba, ga shi an ba shi.

"Fitilar kuma a mayar da ita kore."

"Wannan ba saiti ba ne, mon frère. Kuka zaɓi ne, ana kunnawa ana kashewa. Fitila kuwa halin da yake ciki take faɗa, ba a taɓa ta."

Mahfuzu bai yi musu ba. Ya laluba aljihu ya ciro minti, ya jefa a baki, ya liƙa koriyar ledar a kan fitilar da salatif. Rawaya ta bi ta cikin leda ta fito kore shar. Blaise ya daɗe yana kallon abin, don a makarantar da ya yi a Ngaundare ba a koya musu wannan ba.

Kafin ya tafi ya yi abu ɗaya na hankali. Ya saita akwatin a kan abin da ya kira lecture seule, wato a duba abin da ke ciki amma kada a ƙara masa komai. Ya ce mai jinya ana gaishe shi, ba a ɗora masa buhu.

Washegari Alhaji ya leƙo ofis. "Mahfuzu, an ce jiya akwatin ya yi ta kuka. Ya jikin nasa?"

"Zafi ne ya ɗan taɓa shi, Baffa, amma da sauƙi."

Alhaji ya dubi koriyar fitila ya yi hamdala. Tausayi ya kama shi, ya ce ƙura ce take damun bawan Allah, ya sa aka yanko atamfa mafi tsada a shagon aka lulluɓe akwatin ruf, har da 'yan ramukan da yake shan iska ta cikinsu. Mahfuzu da kansa ya gyara gefen lulluɓin.

Labari ya fita cewa akwatin Alhaji ya ɗan yi rashin lafiya ya warware, mutanen majalisa suka shiga zuwa barka. Mutum ya cire takalmi a ƙofar ofis, ya leƙa, ya ce sannu, ya fito ya ce ai kuwa ya murmure. Cikinsu har da Malam Ziyad mai goro, wanda bai daɗe da aurar da 'yarsa ba, ya zo da bidiyon bikin yana roƙon a adana masa a wurin da abu ba ya ɓata. Bakin Alhaji har kunne. Ya ce Mahfuzu ya zuba.

Akwatin ya ƙi karɓa. Aka sake, ya sake ƙi.

"A wurina ake korar baƙo?" in ji Alhaji, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Kira min Blaise."

Blaise ya zo ya tarar da ofis cike da manyan riguna. Ya dubi atamfar da aka lulluɓa, ya dubi Mahfuzu, Mahfuzu ya dubi silin.

"Alhaji, ni na saita shi haka. Akwatin yana son hutu."

"Wa ba ya son hutu? Ni na huta? Lafiyarsa ƙalau ko kuwa?"

Ga dattawa sun zuba masa ido, ga Alhaji da hannu a ƙirji. Blaise ya tuna Hajiyar nan mai waya.

"Da sauƙi, Alhaji. Ƙaramin réglage ne, ɗan saiti kawai."

Ya cire takunkumin, bidiyon Malam Ziyad ya shige, aka yi ta sa wa Blaise albarka ana cewa yaron nan ya zama ɗan gida. Daga ranar ƙofa ta buɗe. Bikin unguwar Pumpumre ya shiga, taron suna na Yelwa ya shiga, saukar karatu, dawowar alhazai, har wani da ya ɗauki bidiyon ragon layyarsa tun yana ɗan ƙarami ya kawo. Diski ɗaya tilo, mai tari, cikin zafin bazara, a ƙarƙashin atamfa, shi yake ɗaukar hidimar unguwa guda.

Kada a ce Blaise bai yi ƙoƙari ba. Ya riƙa tsayawa da babur a bayan shago yana tambayar Mahfuzu ko an shigar da maganar, Mahfuzu ya ce jinin bai sauka ba tukuna. Jinin Alhaji kuwa tun da muka san shi bai taɓa sauka ba. Da Blaise ya ga haka sai ya tari Alhajin da kansa, ya ce yana son makullin ɗakin Hajiya ya ɗan kwafi muryar a wani wuri, don kawai a samu biyu.

"Ai biyun ne a ciki," in ji Alhaji. "Ko ba kai ka ce rai biyu ba? Ɗakin uwata kake son shiga, Blaise? Ni da na fito daga cikinta ban shiga ba."

Blaise ya ba da haƙuri da Hausa, ya ƙara da Fulatanci, ya hau babur ɗinsa.

Da damina ta kama, Nasiha ta haihu a gidan mahaifinta, mace. Mijinta ya aiko cewa in Alhaji ya yarda sunan Hajiya za a mayar. Alhaji ya shiga ɗakin mai jego, ya karɓi jaririyar, ya ga goshin Inna sak. Ya fito idonsa jawur, ya kira Mahfuzu a waya.

"Na shirya. Ranar suna za a kawo akwatin gida, a haɗa da lasifika. Mata su ji addu'ar Inna, takwararta ma ta ji. Ni ma in ji."

Mahfuzu ya ce to, Baffa. Ya shiga ofis ya ɗaga atamfar, wadda ya daɗe bai ɗaga ba don kada ya ga abin da zai ɓata masa rai. Akwatin ya yi zafi kamar murfin tukunya. A ciki wani abu yana ƙas, ƙas, ƙas. Fitilar ta cikin koriyar leda ta yi wani duhu-duhu, da ya ɓare ledar sai ga ta ja.

Blaise ya zo ya yini a kai. Ya kashe, ya kunna, ya ciro diskin ya sa a wata na'ura, ya kara kunne, ya buga wa wani abokin karatunsa waya a Yawunde suka yi ta Faransanci. Da la'asar ya tattara kayan aikinsa.

"Mahfuzu, wannan karon ban san kalmar ladabin ba. Babu komai. Bikin Malam Ziyad, ragon nan, Hajiya, duka."

Suka zauna suna tura wa juna. Mahfuzu ya ce ai aikin mai gyara ne ya yi bayani, Blaise ya ce maganar gida ce, shi baƙo ne, ko da yake kwanan baya an ce ya zama ɗan gida. A ƙarshe suka tafi tare, suka sami Alhaji a zaure yana duba ragon suna da aka ɗaure a ƙofa. Suka durƙusa suka gaishe shi, suka tambayi mai jego, suka tambayi jaririya, suka yaba ragon. Da gaisuwa ta ƙare musu, Mahfuzu ya sunkuyar da kai.

"Baffa, jikin akwatin ne ya ɗan matsa."

Alhaji ɗan Hausare ne, a nan aka yanke cibiyarsa. Ya san a wurinmu in aka ce jiki ya matsa, an riga an aika a sayo likkafani. Bai tambaya ko za a iya gyarawa ba. Ya nemi tabarma ya zauna a hankali.

"Tun yaushe?"

Blaise ne ya faɗa, tun daga kukan farko har zuwa ledar minti, bai rage komai ba. Ya ce da an sa sabon diski tun bazara, da yanzu ba a wannan magana.

"Diski?" in ji Alhaji. "Don diski? Ni da zan sayar da shagon nan da abin da ke cikinsa saboda muryar nan? Kullum ina tambaya, kullum kuna ce min da sauƙi!"

Mahfuzu bai ɗago ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baffa, ko Inna ai da sauƙi muka yi ta ce maka har ranar."

Mu da muke zaune a zauren duk mun ɗauka za a yi tashin hankali, har wani ya fara laluben lambar likita. Amma gaskiya Mahfuzu ya faɗa, kuma Alhajin ma haka ya yi ta gaya wa dangin Kano a waya. Ya zauna yana kallon bango, yana ƙoƙarin jiyo muryar Inna a kansa, sai ya ga kalmominta suna nan amma sautin ya gudu. Ban taɓa jin tausayin mai arziki kamar yadda na ji nasa a zauren nan ba.

Labari ya shiga cikin gida. Nasiha, da ɗaurin ƙirji da kwanon kunun kanwa a gabanta, ba ta yi kuka ba, waya ta jawo. Ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko akwai wanda ta taɓa tura wa wani abu na Inna. Kowa ya ce ya sauya waya, ko ya share don wuri. Sai Gwaggo Sadiƙa ta Kuseri, yayar Alhaji, wadda ba ta iya share komai ba, kuma ba ta yarda jikoki su taɓa mata waya. Ta ce akwai wani ɗan guntun saƙo da Nasiha ta turo mata tun ranar da ta fara ɗauka, don ta ji ko sauti yana fita. Ta sa maƙwabciyarta ta turo.

Nasiha ta saurara ita kaɗai, sa'an nan ta aika a kira mahaifinta. Ya shigo ya zauna a bakin gado, jaririya tana barci a tsakaninsu.

"Baba, kaɗan ne ƙwarai. Gwaji ne kawai."

"Kunna."

Aka ji motsin tabarma da kukan kaza daga nesa, sai muryar Nasiha tana cewa, "Inna, yi magana mu gwada." Sai tsohuwar murya, siririya, mai ɗan rawa.

"Me zan ce? Wannan abin yana ji?" Ta yi 'yar dariya. "Auta bai shigo ba?"

Auta shi ne Alhaji Dawuda, mai jikoki, mai furfura har gemu. Ita kaɗai take kiransa haka.

"Bai shigo ba, Inna," in ji muryar Nasiha.

"To, ƙyale shi, kasuwa ce. A rufe masa kununsa kada ya huce."

Saƙon ya ƙare a nan.

Hawaye suna bin gemun Alhaji, bai share ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ranar nan," in ji shi, "na shigo daga baya?"

Nasiha ta buɗe baki, amsar da aka raine ta da ita tana kan harshenta. Ta dubi fuskarsa, ta haɗiye ta.

"A'a, Baba. Ba ka shigo ba."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya karɓi wayar, ya riƙe ta da hannu biyu kusa da kunnensa, ya ce ta nuna masa inda ake dannawa a sake.